Aiki ya cinye yini, samu ya yi kaɗan: tambayoyi da amsoshi kan zuwa asibiti ga masu neman na yau da gobe

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin direbobi, 'yan kasuwa, leburori, teloli, masu gadi da ƙananan ma'aikata a Najeriya, mutanen da rashin fitarsu yini ɗaya ke nufin gida zai kwana ba cefane. Amsoshin sun dogara ne da dokokin Najeriya da yadda asibitocinta suke aiki. Ba su ɗauke wa kowa ganin likita ba.

Mene ne haɗin tsawon lokacin aiki da rashin zuwa asibiti?

Lokacin da asibiti yake ganin marasa lafiya shi ne lokacin da ake samun kuɗi a kasuwa da kan titi. A yawancin asibitocin gwamnati, sashen masu zuwa su koma gida yana aiki ne daga safe zuwa la'asar, Litinin zuwa Juma'a, kuma wanda bai yanki kati da sassafe ba sau da yawa sai dai ya dawo gobe. Asibitin ƙwararru kuwa, kamar na zuciya, ƙoda ko suga, kowanne da ranarsa a mako.

Kuma zuwa ɗaya ba layi ɗaya ba ne. Akwai layin kati, layin awon jini da nauyi, layin likita, layin biyan kuɗi, ɗakin gwaji, komawa wurin likita da sakamako, sannan layin karɓar magani. Idan gwajin ba mai fitowa a ranar ba ne, yini na biyu ya tafi. Mai albashin wata zai iya neman izini, albashinsa kuma ya shigo cikakke. Ɗan adaidaita sahu da ke biyan balas kullum, ko ɗan dako a Kasuwar Singa, biya biyu yake yi: kuɗin da ya ba asibiti, da kuɗin da bai samu ba saboda yana zaune a kan benci. Wannan biya na biyu shi ne wanda ba a cika lissafawa ba, alhali shi ne ke hana mutane da yawa tashi tun ciwo yana ƙarami.

Awa nawa ne za a ce aiki ya yi yawa har yana cutarwa?

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin haɗin gwiwa. Sun nuna cewa mai yin awa 55 ko fiye a mako, idan aka gwada shi da mai yin awa 35 zuwa 40, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a wurinsa ya ƙaru da kashi 35 cikin 100, haɗarin mutuwa ta ciwon toshewar jijiyoyin zuciya kuma ya ƙaru da kashi 17. Sun ƙiyasta cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 ne suka mutu a duniya ta wannan hanya.

Awa 55 ba wani abu ne mai nisa ba. Mai shagon da ke buɗewa ƙarfe takwas na safe ya rufe shida na yamma, kwana shida a mako, ya yi awa 60. Mai gadin da ke yin awa 12 kullum ba hutu ya yi 84. Illar tana shiga ta ƙofofi da yawa: ƙarancin barci, damuwar da ke tayar da jini, dogon zama wuri ɗaya, cin abinci a tsaitsaye, da shan abubuwan hana barci ko ƙwayoyin kashe gajiya. Babba yana buƙatar barcin aƙalla awa 7. Abin da ya fi damun masu aikin lafiya a nan shi ne, wanda aikinsa ya fi jefa shi cikin haɗarin hawan jini shi ne kuma wanda ya fi rasa lokacin zuwa a auna shi.

Kuɗin kati ba shi da yawa, to me ya sa jinya take karya gida?

Saboda kati shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na duk abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa kai tsaye, a daidai lokacin da ciwo ya kama. A 2001 ƙasashen Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, amma kasafin tarayya bai kai nan ba, giɓin kuma majinyaci ne yake cike shi.

Ga abubuwan da suke taruwa: kuɗin mota zuwa da dawowa na mutum biyu, gwaje-gwaje, hoto, magani, safar hannu da sirinji da ruwan ƙari, kuɗin gado idan an kwantar, abincin mai jinya, da ledar jini idan ana buƙata. A ɗora kwanakin da majinyaci bai yi aiki ba, da na wanda ya zauna da shi. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata. Ma'aunin da ake amfani da shi a duniya shi ne, gidan da ya kashe fiye da kashi 10 cikin 100 na duk abin da yake kashewa a kan jinya ya shiga mawuyacin hali. Ga gidan da ke rayuwa a kan 70,000, wannan naira 7,000 ce a wata. Maganin suga na mutum ɗaya zai iya haye ta.

Kemis ya fi sauri, ya fi araha. Laifi ne in tsaya can?

Ga ƙaramin ciwon kai, mura ko ƙujewa, babu laifi. Kemis yana buɗe har dare, babu layi, wani lokaci ma ana ba da bashi, shi ya sa mutane suke fara zuwa can. Amma a san iyakarsa. Mai ƙaramin kemis izininsa na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne, ba na binciken cuta ko yin tiyata ba.

Kurakurai uku ne suka fi yawa. Na farko, ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin na cizon sauro ko taifot ba tare da gwaji ba, alhali gwajin yatsa na zazzaɓin cizon sauro minti 15 zuwa 20 yake ɗauka. Na biyu, sayen rabin magani daidai kuɗin da ke hannu. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa sha shida ne cikin kwana uku, wanda ya sha biyu ya bari saboda jiki ya yi sauƙi, ciwon na iya dawowa. Na uku shi ne ya fi shafar masu aikin ƙarfi, wato “haɗin gajiya” da ake sha kullum da dare. Yawanci akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, kuma shan su kullum na cinye bangon ciki, ya tayar da jini, ya lalata ƙoda a hankali. Paracetamol ma kada babba ya wuce giram 4 a yini. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin kwali, kuma zazzaɓin da ya kwana uku bai sauka ba, ya fi ƙarfin kemis.

Waɗanne alamu ne ba a cewa bari in tashi daga aiki tukuna?

Karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya, ko harɗewar magana farat ɗaya. Ciwon ƙirji mai danna wanda ke tafiya hannu ko muƙamuƙi tare da gumi. Numfashi da ƙyar. Aman jini ko baƙar bayan gida kamar kwalta. Jijjiga ko fita hayyaci. Ga mai ciki, zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko jin motsin ɗa ya tsaya. Ga yaro, ƙin kama nono, amai da duk abin da ya sha, ko numfashi da sauri har ƙirji na lotsawa.

Waɗannan na sashen taimakon gaggawa ne, wanda a manyan asibitoci yake buɗe dare da rana, har Asabar da Lahadi. A shanyewar ɓarin jiki awanni ake ƙirgawa: allurar narkar da gudan jini, a inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko take amfani. Kada a ɗura wa wanda bai cikin hayyacinsa ruwa ko magani.

Idan gaggawa ta taso ba kuɗi a hannu, asibiti zai iya ƙin karɓa?

Doka ta hana. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce babu asibiti ko ma'aikacin lafiya da zai ƙi ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Wata dokar ta 2017 kuma ta wajabta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba.

Sai dai dokar ceton rai ta tanada, ba ta yafe kuɗin jinya gaba ɗaya ba, kuma a aikace sau da yawa za a rubuto magani ko kayan aiki a ce a sayo. Abin da ke taimakawa shi ne a raba aiki: mutum ɗaya ya tsaya da majinyaci, wani ya fita neman kuɗi. A nemi ganin babban likita ko babbar jami'ar jinya da ke kan aiki. A manyan asibitocin gwamnati akwai ofishin jin daɗin jama'a da ke duba halin marasa ƙarfi, yana iya rubuta a rage kuɗi ko a jinkirta biya, amma sai an je an nema da baki.

Ina da haƙƙin hutun rashin lafiya a wurin aiki?

Idan kana cikin waɗanda Dokar Ƙwadago ta kira ma'aikata, wato masu aikin hannu da ƙananan ma'aikatan ofis, i. Sashe na 16 ya ba ka har kwana 12 na aiki a shekara da albashi idan rashin lafiya ya hana ka fita, da sharaɗin likita mai rajista ya ba da takardar shaida. Takardar kemis ba ta shiga. Dokar ba ta yanke adadin awannin mako ba, ta bar shi ga yarjejeniyar ma'aikaci da mai aiki, amma ta ce wanda ke yin awa shida ko fiye a yini a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, da cikakken yini ɗaya a kowane kwana bakwai.

Inda abin yake lalacewa shi ne rashin takardar ɗaukar aiki da rashin sanarwa. Ka sanar da shugabanka tun ranar farko, ko da ta saƙon waya ne da zai zama shaida. Ka nemi takardar hutu a wurin likita kafin ka bar ɗakinsa, ka ɗauki hotonta kafin ka miƙa. Idan aka yanke maka albashi duk da haka, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jihohi. Yaron shago da mai aikin yini ba su da wannan kariya a aikace, shi ya sa amsoshin da ke ƙasa kan inshora da tanadi suka fi shafar su.

Idan a bakin aiki na ji ciwo fa?

Wannan yana ƙarƙashin Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa. Mai kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo. Ma'aikaci ya sanar da mai aiki cikin kwana 14, mai aiki ya kai rahoto cikin kwana 7, neman diyya kuma a shigar da shi cikin shekara ɗaya. A adana kati, rasit da hoton raunin.

Ba ni da albashi. Zan iya shiga inshorar lafiya?

Za ka iya. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa (NHIA) ta 2022, wadda ta maye gurbin tsohon tsarin NHIS, ta mayar da inshorar lafiya wajibi a kan kowane mazaunin Najeriya, jihohi kuma suna da hukumominsu, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Akwai kuma shirin GIFSHIP na tarayya da aka yi domin ɗaiɗaikun mutane, iyali da ƙungiyoyi. Ana biya ne na shekara. Za a nemi lambar NIN da hoto, sannan ka zaɓi asibiti ɗaya da zai zama ƙofarka ta farko.

A wurin zaɓen asibitin nan ake yawan yin kuskure. Mutum ya zaɓi babban asibiti mai suna a ɗaya gefen gari, sannan kuɗin mota da dogon layi su hana shi zuwa. Ka zaɓi wanda ke kusa da inda kake yini, kuma ka tambaya ko suna ganin marasa lafiya da yamma ko ranar Asabar. Sauran abubuwan da ya kamata a sani tun farko: akwai tazara tsakanin ranar rajista da ranar fara amfani, don haka ba a jiran sai ciwo ya zo. Zuwa wurin ƙwararren likita sai da takardar turawa daga asibitinka da amincewar masu inshorar. Ba kowane magani ko aiki ne ke cikin jerin da ake biya ba, a nemi jerin a gani. A tsarin ma'aikatan tarayya majinyaci na biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Idan aka ce maganin ya ƙare ka saya a waje, ka kai ƙorafi ga hukumar da ta yi maka rajista, lambarta na jikin kati ko takardar rajista.

Inshora tana rage biya na farko, wato kuɗin asibiti. Na biyu, wato yinin da ya salwanta, ba ta taɓa shi, sai a haɗa da dabarun da ke cikin amsar rage zaman asibiti.

Akwai abubuwan da ake yi kyauta?

Akwai, kuma mutane da yawa suna biyan kuɗi a waje a kan abin da ke kyauta a asibitin unguwarsu. Gwajin majina da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta amince da su, ana sha wata shida, duk mai tarin da ya kai mako biyu ya je. Maganin rage kaifin cutar ƙanjamau kyauta ne, wanda jikinsa ya daidaita kuma ana iya ba shi na wata uku ko fiye a zuwa ɗaya. Rigakafin yara kyauta ne: ranar haihuwa, mako 6, 10 da 14, wata 9 da wata 15. Da damina a jihohin arewa ana bin gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan wata 3 zuwa 59.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kuma kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ta cikinsa ake yi wa marasa ƙarfi rajista a ƙananan asibitocin mazaɓu. Guraben suna da iyaka, don haka a tambayi shugaban asibitin mazaɓa ko mai unguwa lokacin da ake rajista. A Jamhuriyar Nijar, tun 2006 akwai tsarin duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a asibitocin gwamnati. A ko'ina dai kyauta ba ta ɗauke kuɗin mota, kuma akan samu ranar da maganin ya yanke.

Ta yaya zan rage lokacin da nake ɓatawa a asibiti?

Ka fara da ƙaramin asibiti. Zazzaɓi, gudawa, awon jini da rigakafi ba sa buƙatar asibitin koyarwa, kuma wanda ya je babba da takardar turawa ya fi saurin kaiwa ga likitan da ya dace. Kafin ranar zuwa, ka aika wani ko ka biya da kanka ka tambayi ƙarfe nawa ake fara ba da kati, mutum nawa ake ɗauka, da ranar likitan da kake nema. Litinin ta fi kowace rana cunkoso saboda tarin marasa lafiyar ƙarshen mako.

Ka zo da tsohon katinka, domin neman fayil ba lamba na iya cin awa guda. Ka zuba duk magungunan da kake sha a leda ka zo da su. Idan kana zaton za a auna suga, ka zo ba ka karya ba, awa takwas ba abinci, don kada a ce ka dawo gobe. A gaban likita ka faɗi irin aikinka ƙarara: “Likita, direba ne ni, Kano zuwa Legas nake yi, ba na iya dawowa duk mako biyu.” Wannan magana tana canza abin da zai rubuta. Zai iya zaɓar maganin sha ɗaya a yini, ya rubuta na wata biyu ko uku, ko ya haɗa ranar gwaji da ranar dawowa. Ka kuma gaya masa abin da aljihunka zai ɗauka, ka tambayi wane gwaji ne ya fi gaggawa da ko akwai irin maganin mai rahusa. Ba abin kunya ba ne, kuma ya fi a karɓi takarda a ninke a aljihu ba a saya ba.

An ce ina da hawan jini ko suga, amma ba na jin komai. Dole ne in riƙa barin aiki ina zuwa?

Dole ne ka riƙa shan magani, amma ba dole ne kowane awo ya ci maka yini ba. Hawan jini, wato awon da ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama a lokuta daban-daban, yawanci ba ya ciwo sai ya yi ɓarna a ƙwaƙwalwa, zuciya, ido ko ƙoda. Abin da aka fi gani shi ne mutum ya sha na wata ɗaya, ya ji garau, ya bari. Maganin yana riƙe jinin ne kawai, ba ya warkar da shi, ranar da aka daina jinin zai koma inda yake. Ƙodar da ta lalace kuwa wankinta sau biyu ko uku ne a mako, kowanne kusan awa huɗu, kuma a nan aiki da jari duka suke tsayawa.

Awo minti biyar ne a kantin magani ko ƙaramin asibiti. Ka zauna ka huta minti biyar, a auna sau biyu, ka rubuta da kwanan wata a ƙaramin littafi da za ka nuna wa likita. Masu sana'a ɗaya za su iya haɗa kuɗi su sayi na'urar awo ta damtse su ajiye a ofishin ƙungiya. Mai aikin dare ya ɗaure shan magani da wani abu da ba ya canzawa, kamar sallar asuba. Mai suga da ke shan magani ko yin allura kada ya tsallake abinci saboda aiki, direba musamman ya riƙe alewa ko sukari a mota, idan ya ji rawar jiki da gumi da jiri ya tsaya gefe nan take.

Ina da ciki kuma ina sana'a. Awo nawa ne ba zan tsallake ba?

Tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce zuwa takwas, na farko cikin wata ukun farko. Kowane zuwa da abin da ake nema: awon jini don kama hawan jinin da ke kawo jijjiga, gwajin ƙarancin jini, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro daga wata na huɗu, da allurar sarƙewar haƙora. Ranar awo takan cinye safiya gaba ɗaya, ga mai tuyar ƙosai ko mai aikatau wannan asara ce ta gaske, shi ya sa ya kamata maigida ya ɗauki kuɗin mota da cefanen ranar a matsayin wani ɓangare na kuɗin haihuwa.

Ma'aikaciyar da Dokar Ƙwadago ta shafa tana da hutun mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a wurin, sannan rabin awa sau biyu a yini don shayarwa. A Nuwamban 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa, a tambaya tun wurin awo ko asibitinku na ciki. Tun wata na bakwai a tsayar da wanda zai ba da jini da direban da za a kira cikin dare.

Samuna na kullum ne, ba ya taruwa. Ta yaya zan yi tanadin jinya?

Ka ware shi daga jari, ka kuma cire shi kullum, ba a ƙarshen wata ba. Naira 200 a yini, kwana 26 a wata, naira 5,200 ke nan, a shekara 62,400. Amfani mafi kyau da za a yi da kashin farko shi ne biyan inshorar shekara, kamar yadda aka bayyana a sama, sauran kuma ya zauna don mota, abinci da kwanakin da ba a fita ba. Adashi na da amfani wajen biyan inshora saboda an san ranar kwasa, amma ba ya maganin gaggawa, don ciwo ba ya jiran zagayowar layi.

Ƙungiyoyin sana'a, na direbobi, teloli, mahauta ko 'yan kasuwa, sun fi mutum ɗaya ƙarfi a nan. Za su iya yi wa mambobi rajistar inshora a dunƙule, su buɗe asusun jinya daban da na biki da ta'aziyya, mai sa hannun mutum biyu, da rubutacciyar ƙa'idar nawa ake bayarwa da kwana nawa. Su kuma tsara wanda zai riƙe wa ɗan'uwa shago ko mashin ranar asibiti, a raba cinikin ranar bisa abin da aka amince tun farko, masu ababen hawa kuma a nemi su yafe balas na ranar da direba ya kawo katin asibiti mai kwanan wata.